Ɗakunan Karatun Baƙar Fata a Zamanin Wariya a Amurka

A shekarar 1902 aka buɗe babban ɗakin karatu na birnin Atlanta da ke jihar Jojiya, wanda aka gina da kuɗin attajirin nan mai masana'antun ƙarfe, Andrew Carnegie, aka kuma ɗora nauyin tafiyar da shi a kan baitulmalin birnin. Fiye da sulusin mazauna Atlanta a wancan lokaci baƙar fata ne, suna biyan haraji kamar yadda kowa yake biya, amma tun kafin a buɗe ƙofar ginin an riga an yanke cewa ba za su taka cikinsa ba. W. E. B. Du Bois, masani kuma marubuci baƙar fata wanda yake koyarwa a Jami'ar Atlanta, yana cikin 'yar tawagar da ta je gaban kwamitin amintattu da buƙatu biyu: a bar baƙar fata su yi karatu a ginin da kuɗinsu yake ciki, kuma a ba su wakilci a kwamitin da yake kula da shi. An ƙi amincewa da ko ɗaya, aka sallame su da alkawarin cewa za a duba yiwuwar yi musu wani wuri nasu daban. Alkawarin bai cika ba sai a 1921, bayan shekara 19, lokacin da aka buɗe wani ƙaramin reshe a titin Auburn.

Irin waɗannan ƙananan rassa, tare da ɗakunan da jama'a suka kafa da kansu a coci-coci da gidajen haya da bukkokin katako, su ne nake so in yi magana a kansu. A Jos nake zaune, garin da ya san yadda tsoro yake raba unguwa da unguwa, kuma ina cikin masu ganin cewa rashin wurin karatu yana daga cikin abubuwan da suke danne yaranmu, saboda haka ban ɗauki wannan tarihi a matsayin labarin wata ƙasa mai nisa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, al'ummar da ta raya ɗan abin da yake hannunta da iyakar ƙarfinta, ita ce kuma ta yi renon samari da 'yan matan da daga baya suka je babban ɗakin karatu na gari suka zauna suka ƙi tashi.

Kafin a kai ga hana shiga ɗakin karatu, karatun kansa aka fara hanawa. Tun a 1740 Karolina ta Kudu ta yi dokar da ta haramta koya wa bawa rubutu, kuma bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a Bajiniya a 1831, jihohin Kudu da dama sun ƙara tsaurara irin wannan doka. Masu bayi sun san abin da suke tsoro, domin bawan da ya iya rubutu yana iya rubuta wa kansa takardar izinin tafiya, wanda ya iya karatu kuma yana iya sanin cewa akwai masu fafutukar kawar da bauta. Wani abin da ya kamata mu mutanen Afirka ta Yamma mu riƙa tunawa shi ne, cikin waɗanda aka kwashe daga wannan yanki namu akwai waɗanda suka tafi da iliminsu a ka. Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro da ke ƙasar Senegal ta yau, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa, kuma rubutun nasa yana ajiye yanzu a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Bayan an soke bauta a 1865, ƙidayar 1870 ta nuna cewa kusan mutum 80 cikin 100 na baƙar fata ba su iya karatu ba. Zuwa 1900 adadin ya sauko kusan 45, zuwa 1930 kuma ya dawo kusan 16. Mutanen da suka yi wannan tafiya cikin shekara sittin, da makarantun da ba su da isassun kujeru balle littattafai, ba su buƙatar wani ya yi musu wa'azi a kan darajar ilimi.

A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Homer Plessy, mai jinin baƙar fata wanda aka kama saboda ya zauna a taragon jirgin ƙasa na farar fata a Lusiyana, cewa raba jama'a bisa launin fata bai saɓa wa tsarin mulki ba matuƙar abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake. A fannin ɗakunan karatu, galibin garuruwan Kudu ba su ma wahalar da kansu da tanadin na biyun ba. Carnegie ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu na jama'a 1,689 a faɗin Amurka, bisa sharaɗin gari ya ba da fili kuma ya ɗauki alkawarin kashe kwatankwacin kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin kowace shekara wajen kula da shi. Batun wanda zai shiga da wanda za a hana kuwa, ya bar shi a hannun hukumomin gari, wato a hannun masu wariyar. Cikin wancan adadi mai yawa, goma sha biyu kacal aka gina domin baƙar fata, tsakanin 1908 da 1924. Lokacin da Eliza Atkins Gleason, wadda ita ce baƙar fata ta farko da ta samu digirin digirgir a fannin kula da ɗakunan karatu, ta wallafa bincikenta a 1941, ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na baƙar fatar Kudu suke da wani ɗakin karatu na hukuma da za su iya amfani da shi.

A ganina, wurin da ya fi cancanta a tsaya a duba da kyau shi ne Louisville a jihar Kentaki. Wani shugaban makaranta mai suna Albert Meyzeek ya matsa wa hukumar birnin lamba har ta amince, aka buɗe Reshen Yamma a 1905 a cikin ɗakuna uku da aka yi haya a gidan wani mutum, sannan a 1908 aka koma sabon gini na kuɗin Carnegie. Ana ɗaukarsa a matsayin ɗakin karatu na hukuma na farko a Amurka da aka buɗe domin baƙar fata kuma baƙar fata ne zalla ma'aikatansa. Wanda aka damƙa wa ragamarsa shi ne Thomas Fountain Blue, ɗan waɗanda suka taɓa zama bayi, wanda ya yi karatu a makarantar Hampton kuma ya karanci ilimin addinin Kirista. Shi da abokiyar aikinsa Rachel Harris ba su zauna suna jiran mai shigowa ba. Sun kai akwatunan littattafai ajujuwan makarantun baƙar fata, sun buɗe wuraren karɓa da mayar da littafi a unguwanni, sun ba ƙungiyoyin mata da na matasa ɗakin taro, har wani malami kuma mawaƙi, Joseph Cotter, ya kafa gasar ba da labari ta yara, inda yaro zai karanta labari ko ya saurare shi, sannan ya tashi ya maimaita shi a gaban jama'a. A 1914 aka buɗe reshe na biyu a gabashin birnin.

Babban aikin da Blue ya yi, a nawa ra'ayin, shi ne na horar da mutane. Makarantun koyon wannan aiki a Kudu ba su karɓar baƙar fata, don haka daga 1912 ya fara ajin koyarwa a cikin ɗakin karatun kansa, inda ake koyon yadda ake tsara littattafai a kan kanta, da rubuta kundin abin da ake da shi, da riƙe lissafin aro, da yi wa yara karatu. Mata daga wasu biranen Kudu sun riƙa zuwa suna koyo suna komawa garuruwansu su riƙe nasu rassan, daga baya kuma makarantar Hampton ta buɗe sashen wannan fanni a 1925, Jami'ar Atlanta ma ta buɗe nata a 1941 ƙarƙashin shugabancin Gleason. Duk wanda ya taɓa ganin yadda littattafan da aka tara da gudummawa suke watsewa cikin shekara guda, wasu a hannun masu aro, wasu a bakin gara, saboda babu wanda aikinsa ne ya kula da su, zai gane dalilin da ya sa na ɗora wannan a kan ginin kansa.

A Savannah, wasu mutum goma sha ɗaya ne suka kafa ƙungiya a 1906, suka fara da littattafan gidajensu a wani wurin haya, daga baya aka tara kuɗi aka sayi fili, Carnegie ya ba da dala 12,000, aka buɗe ginin a 1914. Clarence Thomas, wanda ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya sha faɗin cewa a can yake zuwa karatu yana yaro. A Raleigh kuma, Mollie Huston Lee ta buɗe nata a cikin shago a 1935 da littattafan da ba su kai dubu ɗaya ba. Wani abu da matan da suka riƙe waɗannan wurare suka yi tarayya a kai shi ne tattara tarihin mutanensu, domin littattafan makaranta na zamanin ko dai ba su ambaci baƙar fata ba ko kuma sun ambace su da wulaƙanci. Annie McPheeters ta reshen Auburn a Atlanta ta tara littattafai da jaridu da yankakkun labarai a kan baƙar fata da Afirka, ta kuma shirya zaman tattaunawa na manya a kan harkokin zaɓe da na ƙasa. Cikin yaran unguwar da suke zuwa aron littafi a wurinta har da Martin Luther King, wanda gidansu yake kan wannan titi.

Inda babu reshe, ko kuma inda reshen ba shi da abin da mutum yake nema, sai dabara. Marubuci Richard Wright ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa lokacin da yake saurayi yana aiki a Memphis, ya ga wata jarida tana caccakar wani marubuci mai suna H. L. Mencken, sai ya so ya san abin da mutumin ya rubuta. Ya roƙi wani abokin aikinsa farar fata, ɗan ɗariƙar Katolika, ya ara masa katinsa, sannan ya rubuta takarda da sunan mutumin kamar an aiko shi ne ya karɓo littattafai. Domin kada ma'aikaciyar ta yi zargin shi ya rubuta, sai da ya kira kansa a cikin takardar da kalmar zagin da farar fata suke kiran baƙar fata da ita. An yarda ya shiga a matsayin ɗan aike, an hana shi shiga a matsayin mai karatu, kuma wannan ya nuna cewa ba zamansa a cikin ginin ne yake damun masu wariya ba, abin da zai shiga kansa ne.

A karkara lamarin ya fi muni, kuma a can ne aka yi wani aiki da nake ganin ya fi kama da abin da ƙarfinmu zai iya. Willie Lee Buffington farar fata ne, talaka, ma'aikacin masaƙa a yankin Saluda na Karolina ta Kudu, wanda tun yana yaro wani malami baƙar fata mai suna Euriah Simpkins ya ja shi a jiki ya ƙarfafa masa gwiwa a kan karatu. A 1931 ya halarci bikin buɗe sabuwar makarantar malamin, ɗaya daga cikin makarantu kusan 5,000 da asusun Julius Rosenwald ya taimaka aka gina wa baƙar fata a Kudu, sai ya ga ginin ya yi kyau amma babu littattafai. Da kuɗin da bai wuce santi goma ba ya sayi kan sarki biyar, ya aika wasiƙu ga limaman coci da bai san su ba yana roƙon littafi. Mutum ɗaya ne ya amsa, wani fasto a unguwar Harlem mai suna L. H. King, wanda jama'ar cocinsa suka tara littattafai kusan dubu ɗaya suka aiko. Da suka yi wa makarantar yawa, mutanen ƙauyen suka ba da itatuwan gonakinsu da ƙarfin jikinsu suka gina ɗakin katako, aka buɗe shi a ƙarshen 1932. Daga wannan ɗaki aikin ya bazu har aka samu irinsa kusan ɗari a Karolina ta Kudu da Jojiya, kowanne yana dogara da wata ƙungiya ko coci ko makaranta ta nesa da take aiko masa da littattafai. Ba kowane littafin gudummawa ne yake da amfani ba, domin mai bayarwa sau da yawa abin da ya gaji da shi yake bayarwa, amma a ƙauyen da babu komai, wannan ɗaki shi ne inda yaro ya fara riƙe littafin da ba na aji ba.

Duk da haka, akwai waɗanda suka ga cewa kowane reshe na daban da aka gina yana ƙara wa wariya gindin zama. A birnin Alexandria na Bajiniya, wani matashin lauya mai shekara 26, Samuel Tucker, ya shirya abin da ake lissafa shi cikin zaman dirshan na farko-farko a tarihin wannan fafutuka. Ranar 21 ga Agusta 1939, samari biyar cikin shiga ta mutunci suka shiga ɗakin karatu na birnin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nemi katin aro, da aka hana shi sai ya ɗauki littafi daga kanta ya nemi tebur ya zauna yana karatu shiru. 'Yan sanda suka kama su bisa zargin tayar da hankali, alhali babu wanda ya ko ɗaga murya. Amsar da birnin ya bayar ita ce gina wani ƙaramin ɗaki na baƙar fata cikin gaggawa, wanda aka buɗe a 1940 da sunan Robert Robinson. Tucker ya rubuta wasiƙa ya ce ba zai karɓi katin wannan wuri a madadin na babban ɗakin ba, domin yana kallon tayin a matsayin cin fuska. Amma jama'ar unguwa sun yi amfani da ɗakin, yara sun koyi karatu a cikinsa, kuma ba na jin akwai mai adalcin da zai zarge su.

Wannan saɓani na san shi, domin irinsa muke yi a nan. Lokacin da wasu daga cikinmu suka kawo shawarar a mayar da wani zaure da ba a amfani da shi ɗakin karatu na unguwa, wani matashi ya tashi a wurin taron ya ce, "Baba, ku gafarce ni, amma wannan aikin gwamnati ne. Idan muka yi musu, ba za su sake tunawa da mu ba." Dattijon da yake shugabantar zaman ya amsa masa da cewa, "Ɗana, gaskiya ka faɗa, sai dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma yaron da zai rubuta jarrabawa bana ba zai jira gwamnati ba." Kowannensu yana da hujja, kuma tarihin Amurka bai goyi bayan ɗaya ya bar ɗaya ba. Abin da ya nuna shi ne, haɗarin da matashin ya hango gaskiya ne a duk inda jama'a suka gina nasu suka kuma daina tambayar inda harajinsu yake zuwa.

Dole in faɗa a fili cewa halin da muke ciki a Jos ba irin na Kudancin Amurka ba ne. Babu dokar da ta hana kowa shiga ko'ina, babu allon da aka rubuta cewa wannan wuri na wasu ne. Mun taɓa ganin wariya ta doka a zamanin Turawa, lokacin da dokar birane ta 1917 ta keɓe musu unguwanninsu aka kuma bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, har ma ɗakin karatun da aka buɗe a Legas a 1932 da tallafin gidauniyar Carnegie na biyan kuɗi ne, wanda ya fi ƙarfin yawancin mutanen gari. Rabuwar da muke ciki yau kuwa daga rikice-rikice ta samo asali, tun daga na Satumbar 2001 zuwa na 2008 da na 2010, waɗanda suka sa Musulmi da Kirista da dama suka sayar da gidajensu ko suka yi musanya suka koma inda 'yan'uwansu suka fi yawa. Sakamakonsa a kan karatu a bayyane yake. Uwa a Gangare ko Unguwar Rogo, haka ma uwa a Jenta ko Tudun Wada, kafin ta bar 'yarta ta je wani wuri karatu sai ta lissafa unguwannin da za ta ratsa da lokacin da za ta dawo. Ga kuma gobarar da ta cinye babban ɓangare na laburaren Jami'ar Jos a Oktoban 2016, wadda ta ƙara rage abin da garin yake da shi.

Ba kuma daga babu za mu fara ba. Malamanmu sun daɗe suna tara littattafai a gidajensu suna ara wa almajirai, makarantun zaure suna nan, kuma shagunan hayar littattafan Hausa sun koya wa dubban mata karatun boko ba tare da an kira su ɗakunan karatu ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wanda Louisville ta fara da shi, wato mutumin da aka horar kuma ake biya, da kundin da ake rubuta abin da ya fita da abin da ya dawo, da sa'o'in da kowa ya san ƙofa a buɗe take. Akwai kuma sharaɗin da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba: ɗakin karatun unguwa ya zama na duk wanda ya zo, ko daga wace unguwa yake, ko wane addini yake bi. Rassan baƙar fata na Amurka ba su ne suka zaɓi keɓewa ba, tilasta musu aka yi, mu kuwa idan muka keɓe namu, da hannunmu muka yi.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta wariya a makarantun gwamnati bai buɗe ɗakunan karatu nan take ba. A 1956 John Lewis, wanda daga baya ya daɗe a Majalisar Wakilai, yana ɗan shekara 16 ya je ɗakin karatu na garin Troy a Alabama tare da 'yan'uwansa neman kati, aka ce musu wurin na farar fata ne. Bai sake komawa ba sai a 1998, lokacin da aka gayyace shi ya sa hannu a kan littafinsa, aka kuma miƙa masa katin. A Greenville ta Karolina ta Kudu, Jesse Jackson, wanda daga baya ya zama fitaccen ɗan fafutukar haƙƙin baƙar fata, ya dawo hutu daga jami'a yana neman littattafan da reshen baƙar fata ba shi da su, babban ɗakin kuma ya ƙi ba shi, kuma a ranar 16 ga Yuli 1960 yana cikin ɗalibai takwas da aka kama suna zaune suna karatu a can. Birnin ya rufe ɗakunan biyu gaba ɗaya, sannan ya sake buɗe su ga kowa a watan Satumba. A Jackson ta Misisipi, ranar 27 ga Maris 1961, ɗalibai tara na kwalejin Tougaloo sun fara zuwa reshen baƙar fata suka nemi littattafan da suka san babu su a can, sannan suka wuce babban ɗakin. An kama su, an ci kowannensu tarar dala 100 da ɗaurin je-ka-gyara-halinka na kwana 30, kuma 'yan sanda sun saki karnuka a kan jama'ar da suka taru a bakin kotu domin mara musu baya. Yadda suka bi ta reshen nasu tukuna yana da ma'ana, domin kantocinsa da ba su cika ba su ne shaidar da ta rushe iƙirarin cewa an tanadi abu iri ɗaya ga kowa.

Wasu garuruwan sun nemi hanyar bin umarnin kotu ba tare da sun sauya zuciya ba. A Danville ta Bajiniya, inda ɗakin karatun yake a cikin gidan da shugaban 'yan awaren Kudu, Jefferson Davis, ya sauka a kwanakin ƙarshe na yaƙin basasa, an rufe shi a 1960, da aka sake buɗewa kuma sai aka kwashe tebura da kujeru domin kada baƙi da fari su zauna wuri ɗaya. Wasu garuruwa a Jojiya da Alabama sun kwaikwayi wannan. A Anniston ta Alabama, ranar 15 ga Satumba 1963, ranar da bam ya kashe 'yan mata huɗu a wani coci a Birmingham, gungun mutane sun lakaɗa wa fastoci biyu baƙar fata duka a ƙofar ɗakin karatu. A Clinton ta Lusiyana kuma, hukuma tana da motocin littattafai biyu, ja ta farar fata da shuɗiya ta baƙar fata, kuma daga nan ne shari'ar Henry Brown da abokansa huɗu, waɗanda aka kama a 1964 saboda sun ƙi fita daga ɗakin karatu, ta kai Kotun Ƙoli. A 1966 kotun ta soke hukuncin da aka yi musu da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, shekara biyu bayan dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a wuraren hukuma.

Buɗe manyan ɗakunan ya zo da wata asara da ba a cika magana a kanta ba. Reshen Auburn ya rufe a 1959, shekarar da Atlanta ta daina wariya a ɗakunan karatunta, aka rushe ginin daga baya, ko da yake abin da McPheeters ta tara ya tsira har ya zama tushen cibiyar bincike da aka buɗe a kan wannan titi a 1994. Reshen baƙar fata na birnin Houston, wanda mai zanen gini baƙar fata William Sidney Pittman ya tsara aka buɗe a 1913, an rushe shi a 1962 domin a shimfiɗa babbar hanya, kamar yadda aka yi wa unguwannin baƙar fata da yawa a wancan zamani. Ɗakin Robinson na Alexandria ya koma gidan tarihin baƙar fata na birnin, kuma sai a 2019 kotu ta soke tuhumar da aka yi wa samarin nan biyar, bayan shekara 80, lokacin dukansu sun rasu. Ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka, wadda ta daɗe ba ta ɗauki matsayi mai ƙarfi a kan lamarin ba, ta nemi afuwa a hukumance a 2018. Na Savannah da Reshen Yamma na Louisville suna aiki har yau a matsayin rassan da kowa yake shiga, kuma a na Louisville ɗin aka adana takardun Thomas Blue da na Joseph Cotter domin masu bincike.